Littafin da ya hana ni barci a Nsukka

Zuwa ga 'yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman mu na nan Gabas. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Duk wanda ya san ni ya san ni da littafi ba ma ga maciji. Tun daga sakandare ban taɓa karanta abin da ba za a tambaye ni a jarrabawa ba. Magana Jari Ce ma da kowa ke tinƙaho da shi, a bakin yayata na ji rabinsa. Littattafan soyayyar da 'yan matan gidanmu ke karɓowa haya kuwa, dariya nake yi musu. Karatun injiniya ya kawo ni Nsukka, kuma a ganina lissafi da zane sun ishi mutum wahala, ba sai ya ƙara da labarin da wani ya ƙirƙira a ɗakinsa ba.

To, ranar 30 ga Mayun bara ce ta karya mini wannan taurin kai. Waɗanda ke Ibadan ko Legas ƙila ba su san yadda ranar take a nan ba. Ita ce ranar da aka ayyana Biyafara a 1967, kuma gari yakan yi tsit, kasuwa a rufe, titi ba mota. Tun ana gobe manyanmu a masallaci suka ce kowa ya sayi abin da zai ci ya zauna a ɗaki. Na zauna. Aka ɗauke wuta tun asuba, kafin azahar wayata ta mutu. Ina ta juyi a katifa ina tsaki, sai abokin ɗakina, wani ɗan Anambra mai karatun shari'a, ya jefo mini wani littafi da bangonsa ya fara rabuwa. Ya ce, “Malam, karanta wannan ka bar ni in yi barci. Har garinku yana ciki.” Half of a Yellow Sun ne, na Chimamanda Ngozi Adichie, wato rabin rana mai ruwan ɗorawa, hoton da ke tsakiyar tutar Biyafara. Na duba kaurinsa, shafi sama da 400, na ce a raina in na kai shafi goma na yi ƙoƙari.

Wallahi sai da duhu ya hana ni ganin rubutu na ajiye, na kuma ari tocila na ci gaba. Kwana uku na cinye shi, har lakca ɗaya na yi asara.

Abin da ya fara kama ni ba yaƙi ba ne. Wani yaro ne, Ugwu, ɗan ƙauyen Opi da aka kawo aikatau gidan wani malamin lissafi a cikin jami'ar nan. Bai taɓa ganin firji ba, har ya ɓoye naman kaza a aljihun wandonsa ya kwana da shi, ya kuma ƙona safar maigidansa da dutsen guga. Na yi dariya ni kaɗai, don ni ma haka na iso garin nan, baƙauye a wurin da kowa ya san kan abubuwa, ina kallon okpa ina tambayar ko da me aka yi ta. Ga shi kuma Opi nan kusa ce, duk mai zuwa Enugu ta mahaɗarta yake bi. Titin Odim da aka ce gidan yake, ina wucewa ta wurin kusan kullum. Ban taɓa sanin ana iya saka titin da kake takawa da silifas a cikin littafin da duniya ke karantawa ba. Marubuciyar a harabar nan ta tashi. An haife ta a Enugu a 1977, mahaifinta farfesan ƙididdiga ne, mahaifiyarta ce mace ta farko da ta zama magatakardar jami'ar, kuma gidan da suka zauna Chinua Achebe ya taɓa zama a cikinsa. Kakanninta maza biyu duk a lokacin yaƙin suka rasu. Littafin ya fito a 2006, ya ci kyautar Orange a Ingila a 2007, aka yi fim ɗinsa a 2013.

Ina cikin jin daɗin gulmar gidan, da kishi, da uwar miji mai rigima, da 'yan biyun nan Olanna da Kainene da ba sa jituwa, sai labari ya koma Kano. Nan dariya ta tsaya. Ni ɗan Fagge ne. Tsakanin ƙofar gidanmu da Sabon Gari tafiyar ƙafa ce. Olanna ta je ziyarar kawunta a Sabon Gari, tsohon saurayinta Mohammed, Bahaushe ɗan sarauta, shi ya lulluɓe ta da gyale ya fitar da ita zuwa tashar jirgin ƙasa, ta wuce gawarwakin danginta a ƙofar gida. A cikin masu kisan har da aminin kawun nata, Bahaushe mai sayar da takalma wanda a baya ya yi mata kyauta. Na rufe littafin na ce wa abokin ɗakina wannan sharri ne. Bai yi musu da ni ba, ya ce in je laburare in duba.

Na je. Karo na farko ke nan da na shiga Laburaren Nnamdi Azikiwe ba don jarrabawa ba. Abin da na tattaro a makonnin da suka biyo baya shi nake so in ajiye a nan, don na lura yawancinmu rabin labarin muka zo da shi daga gida.

Rabin da muka sani shi ne daren 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya kai hari gidan Sardauna a Kaduna, aka kashe Sa Ahmadu Bello tare da uwargidansa Hafsatu. A Legas aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kashe shi, haka ministan kuɗi Okotie-Eboh, a Ibadan kuma Firimiya Akintola. Manyan hafsoshin Arewa aka bi su ɗaya bayan ɗaya: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema, Laftanar Kanar James Pam. An kashe hafsoshin Yarbawa irin su Ademulegun da Shodeinde, da Ibo guda, Laftanar Kanar Unegbe. Amma Firimiyan Gabas Michael Okpara ba abin da ya same shi, Shugaban Ƙasa Azikiwe yana ƙasar waje, yawancin manjojin da suka shirya abin Ibo ne, kuma wanda mulki ya faɗa hannunsa, Janar Aguiyi-Ironsi, shi ma Ibo ne. Ba a gurfanar da masu juyin mulkin gaban kotu ba. Duk ɗan Arewa da ya ga wannan lissafi ya san abin da zai raya a ransa, kuma har gobe ban ga laifin wanda ya ji ciwon ba.

Sai Ironsi ya ƙara gishiri a miki. Ranar 24 ga Mayu ya fitar da doka ta 34, ya soke tsarin tarayya, ya haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya. A Arewa, inda masu takardar boko ba su da yawa a lokacin, an fahimci hakan a matsayin hanyar ƙwace kujerun ofis. Zanga-zangar da ɗalibai da ma'aikata suka fara a Zariya da Kano, wajen 29 ga Mayu ta rikiɗe ta zama farautar Ibo. Kalmar da ake kira a titi ita ce “a raba”. Ku lura da wannan: mu muka fara neman a raba ƙasar, shekara guda kafin Ojukwu. Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Ibadan, aka kashe sojojin Ibo masu yawa a barikoki, Yakubu Gowon ya hau yana ɗan shekara 31.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce soja sun kashe, soja sun rama. Rabin da ba a faɗa mana a gida shi ne ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Bayan wani labari da rediyon Kwatano ya bayar, aka maimaita shi a Kaduna, cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, kisa ya ɓarke a Kano, Kaduna, Zariya, Jos, Makurɗi da wasu garuruwa. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta 5 suka yi tawaye a Kano, suka harbe mutane a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa, mutanen da dama guduwa suke yi. Masana tarihi suna ba da adadin waɗanda aka kashe tsakanin dubu 8 zuwa dubu 30, kuma sama da mutum miliyan ɗaya suka kwarara Gabas. Ko ƙaramin adadin ka ɗauka, teloli ne da makanikai da akawuna da ma'aikatan reluwe da matansu da 'ya'yansu. Ba su san Nzeogwu ba sai a jarida. An kuma kashe 'yan Arewa a Fatakwal da wasu garuruwan Gabas a ramuwar gayya, fatake da mahauta waɗanda su ma ba su san hawa ba ba su san sauka ba, daga baya Ojukwu ya ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya bar yankin.

Daga nan abin ya yi sauri. Taron Aburi a Gana a Janairun 1967 bai haifar da ɗa mai ido ba. Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli. Nsukka na cikin garuruwan farko da suka faɗa hannun sojan tarayya, a cikin Yulin nan. Jami'ar da aka buɗe a Oktoban 1960 ta watse, aka sake mata suna Jami'ar Biyafara, harabar ta zama sansanin soja, littattafai da kayan gwaje-gwaje suka lalace. Nzeogwu a kusa da garin nan aka kashe shi, aka kai gawarsa Kaduna aka binne da girmamawar soja. Mawaƙi Christopher Okigbo, wanda ya taɓa aiki a laburaren jami'ar, a wajen Opi ya mutu. A Oktoba sojan tarayya suka kashe fararen hula ɗaruruwa a Asaba. Sai toshe hanyoyin abinci, sai yunwa, sai yara masu kumburarren ciki da jan gashi, hotunan da suka zagaya duniya. Galibin ƙiyasi suna cewa aƙalla mutum miliyan ɗaya suka mutu, yawancinsu yunwa ce ta kashe su ba harsashi ba. Ranar 15 ga Janairun 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas, shekara huɗu cif da daren da aka kashe Sardauna.

Akwai wasu abubuwa da na tsinta da suka ɗaure mini kai fiye da ranakun nan. Azikiwe a Zungeru aka haife shi. Ojukwu ma a Zungeru. Nzeogwu a Kaduna, har sunan garin ya bi shi, kuma Hausa a bakinsa kamar ni da kai. A daren juyin mulkin farko Ojukwu ne kwamandan bataliyar Kano, kuma ya ƙi ba Nzeogwu haɗin kai. Da ya zama gwamnan Gabas a 1966, ya sauke Azikiwe daga kujerar uban wannan jami'a, ya naɗa abokinsa Sarkin Kano Ado Bayero. Wato jami'ar da wasunmu ke tafiya a cikinta a ɗarare, kamar mun shigo gonar wani, Sarkin Kano ya taɓa zama ubanta. Ga kuma Musulmi Ibo 'yan asalin ƙasar nan a Ibagwa da Enugu-Ezike, waɗanda muke haɗa sahu da su ranar Juma'a. Mutanen da suka yi wannan yaƙi sun san juna ciki da bai, wasunsu aji ɗaya suka zauna a makarantar soja.

Yanzu in dawo kan littafin, don ban ce ku ɗauke shi kamar wahayi ba. Ƙagaggen labari ne, kuma ta idon Ibo 'yan boko na Nsukka aka kalli komai. Arewar da ke cikinsa siririya ce: ɗan sarki guda mai kirki, sai taron masu adda. Babu talakan Fagge da ya yi kuka ranar da aka kashe Sardauna, babu malamin da ya tsaya a ƙofar unguwa ya hana a shiga, babu mahaucin da aka kashe a Fatakwal. Wanda bai san Najeriya ba zai rufe littafin yana zaton duk sojan tarayya Hausawa Musulmi ne, alhali Gowon Kirista ne Ba'angashe da ya tashi a Wusasa, kuma kuratan da yawa Tibi ne da sauran ƙabilun tsakiyar ƙasa, ga Yarbawa a rundunar da ta ci Fatakwal. Wannan ya ci mini rai, har yanzu ma yana ci.

Amma in zan yi adalci, matar nan ba ta wanke nata mutanen ba. Ta saka yadda wasu a Sabon Gari suka riƙa shewa da zolaya kan mutuwar Sardauna. Ta nuna manyan Biyafara suna cin nama yara na mutuwa, sojansu suna kama yara ƙanana da ƙarfi, ana zargin ƙananan ƙabilu da zagon ƙasa ana dukansu. Ugwu kansa, yaron da na fi so a littafin, da aka sa masa kakin soja ya aikata wa wata yarinya abin da na kasa yafe masa. Samun marubucin da zai ɓata jarumin da ya fi so don gaskiya ta fito, ba abu ne mai sauƙi ba. Kuma in Arewar cikin littafin ta yi siriri, wa ya hana mu rubuta tamu? A Hausa dai akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da ya taɓo rayuwar tsohon soja bayan yaƙin. Ga shi mu 'yan zamanin da aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare ne, daga wajen 2009 har kusan shekara goma. Abokin ɗakina a gaban tukunyar kakarsa ya koyi 1966. Ni ma a gaban tawa na koya, sai dai kowace da inda ta fara da inda ta tsaya.

Shi ya sa da na je hutu na tasa kakata a gaba. Tana amarya a Fagge aka yi abin. Na ce, “Hajiya, wai da gaske an kashe Ibo a Sabon Gari lokacin a-raba?” Ta dube ni ta ce, “Kai maigida, wa ya aike ka tono wannan?” Ta ɗan yi shiru tana jan carbi, sannan ta nuna mini tsohon keken ɗinkin nan Singer da ke lulluɓe a kusurwar ɗakinta, wanda tun ina yaro ake hana mu wasa da shi. Ni duk zatona na kayan aurenta ne. Ta ce na wata mata ce Ibo, tela, da ke yi musu ɗinkin sallah. Kakana ya ɓoye ta ita da 'ya'yanta uku a ɗakin ajiyar hatsi kwana huɗu, aka sa musu kayan Hausawa, aka fitar da su da asuba. Ta bar keken amana, ta ce za ta dawo. Bayan yaƙi Ibo da yawa sun dawo Kano, wasu sun tarar da gidajensu har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara musu, ba kamar Fatakwal ba inda aka ce dukiyar da aka gudu aka bari ce. Ita dai ba ta dawo ba. Kakana ya yi wasiyya kada a sayar, kada a saka shi cikin gado.

Na ji daɗi, na fara murmushi, ina cewa a raina ga labarin da zan kai wa abokin ɗakina. Sai Hajiya ta ce, “Ban gama ba.” Ta ce a cikin kwana huɗun nan, ƙanin kakana, wanda ɗakinsa ke kallon ɗakin hatsin, kullum da shi ake fita. Ranar ta biyu ya dawo da rediyo a kafaɗa da jini a hannun rigarsa, ita ta ɗebo masa ruwan wanka. Bai san su waye ke bayan ƙofar da yake wucewa ba. Kakana bai sake cin abinci kwano ɗaya da shi ba har ya rasu. Mutumin nan na san shi da tsufansa, yana ba mu alewa, yana kiran sallar asuba a masallacin unguwa.

Da na dawo makaranta sai da na yi mako biyu kafin na gaya wa abokin ɗakina, kuma duka biyun na gaya masa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce ƙannen kakarsa biyu yunwa ta kashe a 1969, kuma kakansa da ya fito daga yaƙi, fam 20 aka ba shi a madadin duk abin da ya ajiye a banki, kamar yadda aka yi wa duk wanda ya yi hulɗa da kuɗin Biyafara. Ya tambaye ni sunan matar mai keken. Na kira Hajiya a waya, ta ce su dai da sunan ɗanta na fari suke kiranta, kuma tsufa ya ɗauke mata sunan. Muna nan muna faɗan wanke kwano da kuɗin wuta kamar da. Abu ɗaya da na lura, kalmar nan da muke kiran Ibo da ita a tsakaninmu, wadda ake cewa daga roƙon ruwan sha da harshensu ta samo asali, ta daina fita daga bakina, ba tare da na yi niyya ba.

Kada wani ya ɗauka na zama malamin karatu. Na aro There Was a Country na Achebe, wata biyu ke nan ina shafi na 40. Tarihin Sardauna da John Paden ya rubuta kuwa, ɗaga shi kawai na yi na ji nauyinsa na mayar kan kanta. Shi wancan ɗin dai yana hannun wani ɗan Katsina a sashen haɗa magunguna, bayansa akwai mutum uku a layi, biyu mata. Mai so ya yi mini magana ta akwatin saƙo in saka sunansa. Don Allah wanda ya karɓa ya riƙe shi da kyau, mun manne bangon da salatif sau biyu, kuma ba nawa ba ne. Wanda ya riga ya karanta kuma kada ya faɗi abin da ya sami Kainene, ɗan Katsinan bai kai wurin ba.